In Sunka Ɗebi Jinin, Ina Za Su Kai Shi? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Limaminmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah gafarta Malam, ina gaisuwa, tare da fatan iyali da almajirai suna lafiya.

Ranar 19 ga Yuni, a taron ranar masu sikila da aka yi nan Gusau, na tsaya gaban jama'a na ce lokaci ya yi da mutanenmu za su daina gudun masu bincike, su riƙa ba da jini ko yawu a karanta ƙwayoyin halittarsu, don a san irin jikinmu, a yi mana magani daidai da shi. Ban gama zama ba kuka ɗaga hannu aka miƙo muku lasifika. Kalmominku suna nan a kunnena: "To ɗana, mun ji. In sunka ɗebi jinin ga, ina za su kai shi, kuma wa ad da shi bayan nan? Kai da kac ce mu ba da, ka ba da naka? Za ka ba da na ɗiyanka?" Ɗakin ya yi tsit, sannan matan da ke baya suka ɗauki tafi. Na ce akwai dokoki, akwai kwamitoci, na koma kujerata. Ni da ku mun san ban amsa komai ba.

A zaurenku na yi karatun allo, kuma ku kuka yi wa mahaifina salla. Da na so, sai in zo bayan isha'i mu kashe maganar mu biyu. Amma a bainar jama'a kuka tambaya, kuma waɗanda suka tafa ɗin nan su ma tambayarsu ce, don haka a fili zan amsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ban ba da nawa ba. Shekara 26 ke nan ina ɗibar jinin mutane a ɗakin gwaje-gwaje, nawa bai taɓa shiga wani bincike ba. Ba wanda ya nema, ni ma ban taɓa tambayar kaina ko zan yarda ba sai da kuka tsare ni. Na kwana biyu ina juya abin, ga inda na tsaya: zan ba da nawa, da sharaɗi. Na yara ƙanana kuwa ba zan bayar ba, sai in ciwon da ke jikinsu ake bincike a kai. Babbar 'yata mai sikila ta kai shekara 20, ita za ta yanke wa kanta, ko da yake na san sai ta tambaye ni.

Da yawa a ɗakin nan sun ɗauka irin ba da jinin da ake yi wa mai haihuwa ne ko wanda ya yi haɗarin mota. Wancan leda guda ce, a ɗaura wa mara lafiya, ta shige jikinsa, magana ta ƙare. Wannan kuwa cokali ɗaya ko biyu ya isa, wani lokaci ma yawu kawai ake tofawa a 'yar kwalba, domin rubutun da ke cikin jinin ake nema. A kusan kowace ƙwayar jikin ɗan Adam akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, haruffansa iri huɗu ne kacal, amma jerinsu ya kai kimanin biliyan 3, kuma kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Sai a 2003 aka kammala karanta shi karon farko, bayan shekara 13 ana aiki. Yau na'ura kan karanta na mutum guda cikin kwana ɗaya ko biyu. Sikilar da ta tara mu ran nan, harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikin duk wannan rubutu, shi ne yake hana 'yata barci duk lokacin hunturu.

Ku kuka karantar da mu hadisin mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa don matarsa ta haifi baƙin yaro. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, da launinsu. Ya ce jajaye ne. Akwai mai ruwan toka a ciki? Ya ce akwai. Daga ina ya zo? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi. Aka ce masa, to ɗanka ma wataƙila wata jijiya ce ta fizgo shi. Wannan jijiyar ita masu binciken suke karantawa.

Da zarar an karanta, rubutun ya koma kwamfuta. Ko an zubar da jinin, ko firiza ta lalace don rashin wuta, rubutun yana nan, ana iya kwafarsa sau dubu, a aika da shi Landan ko Beijin kafin ku sallame sallar la'asar. Tambayarku ta "ina za su kai shi" a nan ta fi nauyi, don jini ana iya dawo da shi a kwalba, abin da aka riga aka kwafa kuwa ba mai iya tattaro shi duka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ni kaɗai ke da wannan rubutu ba. Rabin nawa yana jikin kowane ɗa da na haifa, kusan rabi yana jikin shaƙiƙaina, wani kaso yana jikin 'ya'yan baffanina da ke Anka waɗanda ba su ma san ana wannan zance ba. Mu kuma da muke auren zumunci, 'yar baffa da ɗan gwaggo, abin da ya haɗa mu ya fi na waɗansu yawa. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon ɗan sanda da aka shafe shekaru ana nema kan kashe-kashe da fyaɗe. Shi bai taɓa ba kowa jininsa ba. Danginsa na nesa ne suka saka bayanansu a wani shafin neman asali, aka bi sawu daga can har ƙofar gidansa. An kama mugu, alhamdu lillahi, amma hanyar da aka bi ta nuna cewa in na dangwala hannu, na dangwala wa mutanen da ban shawarta ba.

Akwai laifina da ban taɓa faɗa muku ba. Ina sabon ma'aikaci, waɗansu masu bincike suka zo daga wata jami'a da ba zan ambata ba, aka haɗa su da ni in yi musu tafinta a ƙauyukan yammacin jihar nan. Takardar neman amincewa shafi huɗu ce, da Turanci. Ni kaina ban karanta ta duka ba. Abin da na riƙa faɗa wa mutane bai wuce jimla biyu ba: za a duba lafiyarku ne, kuma kyauta ne. Suka yi layi, suka dangwala, muka ɗebi jini, aka ba kowa sandar sabulu. Motar ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Akwai wata tsohuwa da ke kawo daddawa kasuwa, duk ran da ta gan ni sai ta ce, "Ɗana, sakamakon ya hito?" Na ce mata tukuna, na sake ce mata tukuna, har na koma canza hanya in na hango ta. Ta rasu ba ta ji komai ba. Wannan jini yana wata firiza ko an zubar, an rubuta takardun digiri da shi ko ba a rubuta ba, ita dai abin da ta samu sabulu ne. Da kuka yi tambayarku fuskar matar nan na gani, shi ya sa bakina ya mutu.

Don haka ba na cikin masu cewa jahilci ne ke sa mutanenmu ƙin yarda. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a binciken da ya haɗa yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ciwon ne ya kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga inda abin ya taɓo zancenmu: kafin a biya kowa diyya, sai da aka ce a yi masa gwajin DNA a tabbatar ɗansa ne. A 2011 iyalai huɗu suka fara karɓar dala 175,000 kowanne. Ku duba, Malam. Mutane da yawa a Arewa ranar da suka fara jin kalmar DNA, sun ji ta ne a matsayin abin da za a tantance ko ƙarya suke yi a kan gawar 'ya'yansu.

Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 Kano da Kaduna da mu nan Zamfara aka dakatar da rigakafin shan inna. Na san matsayinku a lokacin, kun kuma san nawa, ba zan tone ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan a tashoshin motarmu.

Amma mutanen nan da aka ce ba sa yarda da allura, na gan su da idona a 2010. Da gubar dalma ta ɓarke a Anka da Bukkuyum, ina cikin ma'aikatan gida da aka ɗauka aiki. A Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, yara kimanin 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida. 'Yar na'urar da muke gwaji da ita iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, yara da yawa sun zarce, sai dai ta nuna ya yi sama. Uwaye suka riƙa zuwa tun da asuba, goye da yara, suna miƙo hannayensu a ɗebi jini. Ba sau ɗaya ba, ana ɗiba ana sake ɗiba wata da watanni. Matan kulle ne, a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a, kuma masu ɗibar jinin har da Turawan ƙungiyar likitoci ta MSF. Ba wanda ya yi musu dogon wa'azi. An ɗebi jini, an dawo an ce ga abin da aka gani, ga magani, kuma an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. Wancan gwajin guba ne, ba na ƙwayoyin halitta ba, amma allura ɗaya ce, jini ɗaya ne, mutanen ma su ne dai. Abin da ya bambanta su da tsohuwata mai daddawa, su an dawo musu. Zumunta a ƙafa take.

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne masu ɗari-ɗari. A 2020 wata mai bincike a Kambirij, Anna Middleton, da abokan aikinta sun fitar da sakamakon tambayar mutum sama da 36,000 a ƙasashe 22 ko za su ba da bayanan ƙwayoyin halittarsu. Jama'a da yawa, har a Jamus da Japan, sun nuna ba su shirya ba, kuma kusan ko'ina an fi yarda a ba likita a kan a ba kamfani mai neman riba. Ƙasa ɗaya ce daga Afirka a cikin binciken, Masar. Mu ko tambayarmu ba a yi ba.

Akwai tsoro biyu da suke namu na gida, waɗanda takardun da ake rubutowa daga waje ba su san da su ba. Na farko nasaba. Wata rana wani magidanci ya shigo mini da takardu biyu a hannu, jikinsa na rawa. Wani ɗakin gwaji ya ce masa shi AA ne, wato ba ya ɗauke da sikila, ga shi kuma an ce ɗansa SS ne, mai sikila, wani mai ɗan karatu ya riga ya raɗa masa cewa hakan ba ya yiwuwa sai in ɗan ba nasa ba ne. Matar tana gidan iyayenta kwana tara. Na sake gwada shi sau biyu, AS ya fito. Kuskuren gwajin farko ne, kuma irin wannan kuskure ba baƙo ba ne a aikinmu. Jinotayif ke nan, harafi ɗaya. Ina ga an karanta rubutun gida guda gaba ɗaya, sakamakon ya faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah, a gidan da ake rigimar gado? Wannan fagenku ne, ku kuka san hukuncin "ɗa na mai shimfiɗa ne", kuma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 2002 ta ce ba a kore tabbatacciyar nasaba da gwajin DNA, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi a gaban alƙali in mijin ya yi zargin zina ko ya ce ɗan ba nasa ba ne. Amma hukunci daban, tsegumin unguwa daban. Duk mai binciken da bai yi tanadin yadda zai rufe irin wannan sirri ba, bai kamata a bar shi ya shiga gidajenmu ba.

Na biyu ƙabila. Kowace takardar bincike tana da gurbin da ake rubuta ƙabilar mutum. Tun shekarun 1990 masu bincike a Burkina Faso, daga baya a Mali, suka lura cewa zazzaɓin cizon sauro bai cika kama Fulani kamar maƙwabtansu da suke zaune wuri ɗaya ba. Ilimi ne mai amfani, wataƙila a samu hanyar rigakafi a cikinsa. Amma ku ɗauki jimla irin wannan, "jinin Fulani daban ne", ku jefa ta a WhatsApp a Zamfarar yau, inda ake tare mota a tambayi mutum shi wane ne kafin a yanke abin da za a yi da shi. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce daga wajen Maradun, kakana Bazamfare. A wane gurbi za a sa ni? Wata ƙaramar al'umma ta Indiyawan daji a Arizona, Havasupai, sun ba da jini a 1990 don a binciki ciwon sukari da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali, da auren zumunci, da asalin inda suka fito, abin da ya ci karo da tarihin da kakanninsu suka bar musu. Sai a 2010 Jami'ar Jihar Arizona da ta yi binciken ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. Su sun samu lauyoyi. Mutumin Dansadau wa zai tsaya masa?

Sai maganar wa ke da shi. A 2019 aka kafa kamfanin 54gene a Legas, ɗan Najeriya ne ya kafa shi, da niyyar tattara bayanan 'yan ƙasa 100,000. Ya samu miliyoyin daloli daga masu zuba jari, zuwa 2023 ya durƙushe. A Amurka, kamfanin 23andMe da ke riƙe da bayanan mutum kimanin miliyan 15 ya shiga hannun masu kutse a 2023, sannan a Maris na 2025 ya bayyana karyewa. In kamfani ya karye, kayansa ake sayarwa a biya bashi, kuma mafi tsadar kayan irin wannan kamfani shi ne abin da ke cikin firiza da kwamfuta. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan ƙwayoyin halitta cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma ba mutum ikon janye yardarsa. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai mun dangwala wa BVN, mun dangwala wa NIN, an ce in aka haɗa layukan waya da lambar za a kama masu kiran neman kuɗin fansa, ga shi har yau suna kira. Wanda ya ga haka, in ka ce masa doka za ta tsare masa sirrin jininsa, dole ya yi maka kallon da kuka yi mini.

To, Allah gafarta Malam, duk wannan na ba ku gaskiya. Ga inda zan saɓa muku, da ladabi. Na ji bayan taron kun ce wa mutane da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙin tashin ma yana da kuɗinsa, kuma mu muke biya ba tare da mun sani ba. A manyan binciken da ake kwatanta ƙwayoyin halitta da cututtuka, sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka karanta masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka ba su kai kashi 3 ba, alhali bambancin da ke tsakanin 'yan Afirka ya fi na kowace nahiya yawa. A babban kundin duniya na ƙwayoyin halitta da ake kira na mutum dubu, Najeriya ta samu rukuni biyu, Yarabawan Ibadan da Esan na Edo. Arewa ba ta ciki. Ma'ana, telan da ke ɗinka mana riga bai taɓa auna mu ba. Akwai maganin ƙanjamau mai suna efavirenz da aka daɗe ana ba mutane, daga baya aka gane cewa jikin 'yan Afirka da yawa yana jinkirin fitar da shi, sai ya taru, ya kawo jiri da munanan mafarkai. A 2010 aka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna APOL1, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma: yana ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma yana ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Binciken da ya tabbatar da girman abin a wajenmu, na H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka, sai da mutum sama da 8,000 a Najeriya da Gana suka ba da jininsu. Ku tuna samarin da muka yi wa salla bayan an sayar da gona an kai su wankin ƙoda.

Sikila kuma ita ce ta fi ci mini rai ta fuska biyu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ita, ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani, Casgevy, da ke gyara ƙwayar halittar mai ciwon ta koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Makunnin da ake taɓawa ɗin, an gano shi ne ta kwatanta bayanan dubban mutane da suka ba da jininsu, cikinsu har da baƙaƙen fata masu sikila a Amurka. Da sun ƙi, da babu shi. Kuɗinsa kuma dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, abin da ya haura naira biliyan 3 a canjin 2025. Ni da nake lissafin kuɗin maganin sikila na hydroxyurea da 'yata ke sha duk ƙarshen wata, in na karanta wannan sai in rasa ko murna zan yi ko kuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma in muka janye gaba ɗaya, ko bakin da za mu ce a rage mana ba mu da shi. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004, ta kuma kafa shirin karanta ƙwayoyin halittar 'yan ƙasarta, Ƙatar ma haka. Musulmi ne, sun ga shiga da sharaɗi ya fi tsayawa a waje.

Sharaɗina ba su da yawa, kuma duk daga tsohuwar nan na koye su. Takardar ta zo da Hausa, boko da ajami, a karanta mini ita duka, in tafi gida da kwafina in kwana a kanta kafin in sa hannu. A gaya mini ciwon da ake bincike a kai, in kuma za a juya jinin zuwa wani abu, a dawo a sake tambayata. Akwai masu neman yarda ta gaba ɗaya, wai duk binciken da ya taso nan gaba. Ni ba zan ba da irin wannan ba sai in akwai mutanenmu a cikin masu yanke hukuncin wa za a buɗe wa. A faɗa mini sunan ma'ajiyar da jinin zai zauna. Akwai irinta a Abuja, don haka wanda ya ce dole sai an fitar da shi waje sai ya kawo dalili, ya kuma nuna yarjejeniyar fitarwa da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta wajabta. In kamfani zai ci riba, a rubuta abin da zai dawo wa asibitin garin da aka ɗebi jinin, ko da na'urar gwajin jarirai ce. In an ga wani abu a jikina da ake iya magancewa, a kira ni. In an ga abin da ya shafi nasabar wani, a binne shi. Sannan a sa ranar da za a dawo a tara mutane a ƙofar fada a gaya musu abin da aka gano, ko da abin da aka gano shi ne ba a gano komai ba. Wanda ya cika waɗannan, ga hannuna. Wanda ya ce sun yi yawa, ƙofa a buɗe take.

Yara ƙanana kuwa dalilina shi ne rubutun zai rayu fiye da ni. Yaro ɗan shekara 6 in na ba da nasa yau, yana ɗan 40 abin yana nan a kwamfutar wani, lokacin da za a iya karanta abubuwan da yau ba a iya karantawa, wataƙila mai ɗaukar aiki ko dangin matar da yake nema su gani. Ba ni da hurumin yanke masa wannan, sai in lalurar jikinsa ce ta sa.

Ina da roƙo biyu. Kwamitocin da na ambata ran nan, waɗanda ke duba kowane bincike kafin a fara, ƙa'ida ta ce a sa mutumin gari wanda ba likita ba, ba ma'aikacin wurin ba. Sau da yawa kujerar nan suna kawai ake cikawa da ita. Ina so ku yarda in miƙa sunanku, ku je ku yi wa masu farar riga tambayar da kuka yi mini, da wannan muryar, kafin motarsu ta kama hanyar ƙauye.

Na biyu fatawa ce, don ni ma ta tsare ni. In mutum zai ba da abin da rabinsa na 'yan'uwansa ne, wajibi ne ya nemi izininsu, ko sanar da su ya wadatar? In yayana da ke Anka ya ce bai yarda ba, ni kuma na ga maslaha ga 'yata, maganar wa za a bi? Zan zo ranar Juma'a bayan la'asar, in Allah ya kai mu, da wata takardar amincewa da na zauna na fassara da kaina, shafi huɗu cif, mu karanta ta a zaure layi bayan layi. 'Yata ta ce za ta biyo ni, tana da tata tambayar.

Wassalam.

Ɗanku kuma almajirinku,
ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Gusau.